Jan Gargaɗi a Tsohuwar Kwamfuta: Daga Ina Ya Samo Asali?

Akwai wani abokina malamin makaranta da ke koyarwa a yankin Mai Yara, cikin gundumar Dakoro, arewa da Maradi. Shekarun baya ya tara kuɗi ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta gwanjo a Maradi. A cikinta yake ajiye makin ɗalibai, da darussan da ya tsara, da takardun da daraktan makaranta ke roƙonsa ya buga. Ran nan ya jona ta da intanet ɗin wayarsa zai buɗe wani shafi, sai allon ya fito da jar alama mai kusurwa uku da rubutun Faransanci: “Votre connexion n'est pas privée”, wato haɗinka ba na sirri ba ne, a ƙasa kuma ana gargaɗinsa cewa wasu na iya satar kalmomin sirrinsa. Ya gwada wani shafin, haka. Ya gwada na uku, haka. Ranar kasuwa ya kai ta wurin wani mai gyara, mai gyaran ya leƙa sau ɗaya ya ce bairos ne ya cinye ta, sai an yi fomatin. Aka yi. Aikin shekara uku ya tafi, domin babu wanda ya tuna a fara kwafewa. Kwana biyu da komawarsa gida, jan rubutun ya dawo daram.

Daga baya ne wani ɗalibin jami'a da ya zo hutu ya nuna masa kusurwar allon, inda agogo yake. Kwamfutar tana cewa yau 1 ga Janairu 2009. Wani ɗan batiri ne mai kama da kwabo ya mutu a cikinta, kuɗinsa ma bai kai kuɗin motar da malamin ya kashe ba. Mai gyaran ya saita kwanan wata lokacin da yake sake zuba manhaja, shi ya sa ta yi kwana biyu lafiya; da caji ya ƙare ƙat, agogon ya sake komawa baya. An bar jaki an yi ta dukan taiki.

Ba don in ci mutuncin masu gyara na kawo labarin ba. Da yawansu da ka suka koyi sana'ar, kuma fomatin shi ne maganin da suka saba gani yana aiki. Na kawo shi ne domin irin wannan kwamfuta ce a hannun mafi yawan malamanmu, ita ce a ɗakin kwamfuta na makarantun da suka yi sa'ar samu, ita ce kuma uba ke saya wa ɗansa idan ya ci jarrabawa. Jan gargaɗin nan yana da tarihi na shekara talatin, kuma wanda ya san tarihin zai kuɓuta daga kurakurai biyu: biyan kuɗi a goge masa aikinsa a banza, da sabawa da tsallake gargaɗin har ranar da zai zama na gaske.

Mu fara da inda kwamfutocin suke fitowa. Ofisoshi a Turai da Amurka suna sauya na'urorinsu bayan 'yan shekaru, dillalai su tattara tsofaffin su cika kwantena. A watan Oktoba 2005 wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka, Basel Action Network, ta fitar da rahoto kan Legas, inda ta ce kwantena kusan 500 na tsofaffin kwamfutoci da makamantansu ne ke sauka a birnin duk wata, kuma 'yan kasuwar da kansu sun ce abin da ya kai kashi 75 cikin ɗari na iya zama tarkacen da ba ya gyaruwa. Wadda ta tsira daga tarkacen ita ce ke tasowa daga Legas ta kwana a Kano ta tsallako ta Jibiya, ko kuma, a shekarun da iyakar Benin take buɗe, ta hau mota daga Kwatano ta bi ta Gaya da Dosso da Ƙonni ta iso Maradi. Daga Maradi sai Dakoro, daga Dakoro sai ƙauyuka.

Ni ban ga laifin gwanjo ba. Malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba zai sayi sabuwa a kwali ba, kuma kwamfutar ofis ta gwanjo sau da yawa ta fi sabuwa mai araha ƙwari. Abin da ba a gaya wa mai saye shi ne, ƙarfen na iya yin shekara 15 yana aiki, amma manhajar da ke tafiyar da shi wa'adi gare ta. Kamfanin Microsoft ya fitar da Windows XP a watan Oktoba 2001, ya daina kula da ita ranar 8 ga Afrilu 2014. Windows 7 ta fito a Oktoba 2009, aka janye mata hannu ranar 14 ga Janairu 2020. Janye hannu na nufin duk ƙofar da ɓarayi suka gano daga ranar, babu mai zuwa ya toshe ta. Su ma masu burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, sukan bi sahu: Chrome ta bar XP a Afrilu 2016, Firefox ta bar ta a 2018, sannan Chrome ta bar Windows 7 a farkon 2023, ta tsaya a lamba 109. Ke nan kwamfutar da ta iso mana tana da shekara shida ta riga ta cinye fiye da rabin wa'adinta a ofishin wani.

To shi kansa gargaɗin fa? A farkon intanet komai a fili yake tafiya, kamar wasiƙar da ba a sa a ambulan ba, duk hannun da ta bi zai iya karantawa. Da aka fara tunanin ciniki ta intanet, sai kamfanin Netscape na Amurka ya fito da wata hanya a 1995 mai suna SSL, wadda ke ƙulle maganar da ke tsakanin kwamfutarka da shafin da ka buɗe. Babban masanin kimiyyar kamfanin a lokacin Bamisire ne haifaffen Alƙahira, Taher Elgamal, shi ya sa ake yi masa laƙabi da uban SSL. Ɗan kwaɗon da aka daɗe ana gani kusa da adireshin shafi daga nan ya samo asali.

Amma ƙulle magana bai isa ba. Me ya amfane ka ka yi raɗa idan ba ka san kunnen wa kake raɗa wa ba? Mutumin Dakoro ya san wannan matsala tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta. Baƙo ya shigo kasuwar dabbobi da sa mai kyau, ba ka san shi ba, ba ka san ko san na sata ba ne. Ba za ka zaro kuɗi ba sai dillali ya tsaya masa, dillalin kuma ka yarda da shi ne domin shugabannin kasuwa sun san shi, sun san gidansa. Haka aka tsara intanet. Kowane shafi yana riƙe da takardar shaida, wani kamfani ne ya sa mata hannu, shi ma kamfanin wani babban mai shaida ne ya tsaya masa. Sunayen waɗannan manyan masu shaida, ɗari da wani abu, suna rubuce a cikin kwamfutarka tun ranar da aka zuba mata manhaja. Kowace takarda kuma tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kamar katin ɗan ƙasa. Duk lokacin da ka buɗe shafi, burauza tana yi masa tambaya biyu cikin ƙiftawar ido: wa ya tsaya maka, kuma takardarka tana cikin wa'adinta? Amsar ta farko tana duba ta a jerin sunayen da ke hannunta. Ta biyu kuma tana duba ta a agogonta. Tsohuwar kwamfuta kuwa, a waɗannan wurare biyun take fara rauni.

Agogon shi ya fi sauƙin fahimta. A jikin allon na'urorin kwamfuta akwai ɗan batiri, galibi mai lamba CR2032, wanda aikinsa shi ne riƙe lokaci idan an kashe ta. Littattafan da kamfanin Intel ke haɗowa da allunansa sun ce batirin zai yi kamar shekara uku idan kwamfutar ba ta jone da wuta, idan kuwa tana jone, wutar bango ce ke ɗauke masa nauyi ya ƙara daɗewa. A ofishin Faris ko Burusel, dare da rana tana jone. A wurinmu fa? Ta yi watanni a kwantena, ta yi watanni a shago, sannan ta zo garin da wuta sai an tada janareto ko rana ta haska faifan sola. Ko a biranen da layin NIGELEC ya kai, kowa ya tuna yadda aka kasance daga Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa Maris 2024. Kwamfutocin makarantu kuma duk damina a rufe suke na tsawon hutu. Idan batirin ya mutu, agogon yakan koma shekarar da aka ƙera na'urar. Takardun shaida na yau gajeren wa'adi gare su, da yawa kwana 90 ne kacal, saboda haka kwamfutar da ta yi imani ana 2009 za ta kalli takardar bana ta ce wannan ranarta ba ta zo ba, jabu ce. Wani lokaci Chrome takan faɗa ƙarara, “Votre horloge est en retard”, agogonka ya yi baya. Wani lokaci kuma sai ka duba ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin gargaɗin, idan ka ga kalmar DATE a ciki, to maganar kwanan wata ce.

Labarin jerin sunayen ya fi tsawo. Har zuwa wajajen 2013 mafi yawan shafuka ba sa sa kwaɗo, domin takardar shaida kuɗi ake saye, sai bankuna da manyan kamfanoni. A watan Yuni na shekarar Edward Snowden ya tona yadda hukumomin leƙen asirin Amurka ke sauraren abin da ke wucewa ta intanet, hankalin mutane ya tashi. A ƙarshen 2015 wata ƙungiya da ba ta neman riba, da goyon bayan Mozilla masu Firefox da wasunsu, ta buɗe Let's Encrypt, ta fara ba da takardun shaida kyauta. Zuwa Fabrairu 2020 ta ba da guda biliyan ɗaya. Jaridu, jami'o'i, ƙananan ƙungiyoyi, kowa ya samu kwaɗo. Abu ne mai kyau. Sai dai sabon dillali ne, sunansa ba ya cikin jerin da tsofaffin kwamfutoci ke riƙe da shi. Don haka sai ya nemi wani dattijo da kowa ya sani ya tsaya masa, wata tsohuwar shaida mai suna DST Root CA X3, wadda aka rubuta tun shekarar 2000.

Ita ma wannan dattijuwar shaida wa'adi gare ta, kuma ya cika ranar Alhamis 30 ga Satumba 2021, da ƙarfe uku da minti ɗaya na rana agogon Nijar da Najeriya. Kwamfutocin da ke karɓar sabuntawa ba su ji komai ba, domin an daɗe da ƙara musu sunan sabon mai shaidar, ISRG Root X1. Waɗanda aka bari a baya kuwa sai suka wayi gari ba su san rabin intanet ba: tsofaffin kwamfutocin Apple, wayoyin iPhone da suka tsaya ƙasa da iOS 10, da Windows ɗin da aka toshe wa hanyar sabuntawa. Wannan na ƙarshen shi ne namu. Kowa ya san yadda ake zuba Windows a kasuwa: kwafi ne, kuma mai zubawa yakan kashe sabuntawa da gangan, ko don kada kamfanin ya gane, ko don kada ta cinye wa mai ita data. Abin da ya fi rikitarwa a ranar shi ne, gargaɗin yana cewa kwanan wata, mutum ya duba agogonsa ya ga daidai yake. Ba agogonsa ba ne, wa'adin mai tsaya wa shafin ne ya ƙare. Wayoyin Android da ba su kai 7.1.1 ba an yi musu wata dabara aka ƙara musu lokaci, ita ma ta ƙare a 2024. Ban san kwamfutoci nawa aka yi wa fomatin a wancan wata ba a kan laifin da ba nasu ba, amma na san sake zuba wannan tsohon kwafin ba ya ƙara ko suna ɗaya a jerin.

A nan akwai wani gwaji mai sauƙi da ya kamata kowane malami ya sani. Firefox tana yawo da nata jerin sunayen, ba ta dogara da na Windows ba. Idan shafi ya ƙi buɗuwa a tsohuwar Chrome ko Internet Explorer amma ya buɗu a Firefox ta baya-bayan nan da na'urar za ta iya ɗauka, to jerin Windows ɗin ne ya tsufa. Akwai kuma lokacin da shafin ne da kansa ke ƙin tsohuwar burauza, domin hanyar ƙulle maganar ta canza sau da yawa tun 1995. Wikipedia, wadda ɗalibai suka fi shiga, ta sa wa duk shafukanta kwaɗo a Yuni 2015, a ƙarshen 2017 kuma ta daina karɓar Internet Explorer na XP.

Idan mai karatu ya fahimci cewa ina nufin gargaɗin kullum ƙarya ne, to bai fahimce ni ba. A watan Agusta 2011 wani mutum a Iran ya buɗe Gmail, Chrome ta nuna masa gargaɗi. Bai tsallake ba, ya tsaya ya tambayi jama'a ko wani ya ga irin haka. Daga tambayarsa aka gano cewa an kutsa cikin wani kamfanin ba da shaida na ƙasar Holan mai suna DigiNotar, an buga takardun jabu fiye da 500, har da ta Google, kuma ana amfani da ita ana karanta wasiƙun mutane kusan 300,000, akasarinsu a Iran. Masu burauza suka goge sunan kamfanin daga jerinsu, a watan Satumba ya durƙushe. Lura da wannan: goge sunan ta hanyar sabuntawa aka yi. Kwamfutar da ba ta karɓar sabuntawa ba sababbin masu gaskiya kaɗai take jahilta ba, har maƙaryatan da aka kora tana ci gaba da yi musu maraba. A Fabrairu 2015 kuma aka gano cewa wasu kwamfutocin Lenovo da aka sayar daga ƙarshen 2014 sun zo da wata manhajar talla mai suna Superfish, wadda ta cusa nata sunan cikin jerin masu shaida domin ta riƙa leƙa shafukan mai ita. Kamfanin ya nemi afuwa ya fitar da abin cire ta. Na'urorin wancan zamani su ne gwanjon shekarun nan.

Shi ya sa abin da ya fi damuna ba asarar abokina ba ce, abin da nake gani ne a ɗakunan kwamfuta. Jan allo ya fito, yaro ya ɗaga hannu, malami ya ce danna “Paramètres avancés” ka wuce, ba komai. Yau ya faɗa, gobe ya faɗa, jibi yaron ba zai ma tambaya ba. Wani bincike da aka gabatar a 2013, wanda ya duba gargaɗi fiye da miliyan 25, ya gano cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na irin wannan gargaɗi a Chrome tsallake shi ake yi. Waɗancan mutane ne da gargaɗin ke fito musu jefi-jefi. Ina ga yaron da ya taso yana ganinsa a kowane shafi? Nan da 'yan shekaru shi ne zai riƙe wa mahaifinsa wayar da ake aiko da kuɗi daga Legas ko Agadas. Sannan a gaya wa yara cewa rashin gargaɗi ba shaidar gaskiya ba ne. Ɗan damfara ma yana samun takarda kyauta da sunan shafinsa na ƙarya. Kwaɗon cewa kawai yake babu mai saurare a hanya, bai ce wanda kake magana da shi mutumin kirki ne ba. Saboda yawan masu yi masa wannan fassara ne Chrome ta cire hoton kwaɗon a Satumba 2023.

To ina bairos na gaske? Shi ba ya sallama, kuma a ƙasarmu ba ta intanet ya fi shigowa ba. Bairos na farko da ya bazu a irin kwamfutocin da muke amfani da su, mai suna Brain, wasu 'yan'uwa biyu ne, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta shi a 1986 a shagonsu da ke Lahore ta Pakistan, har da adireshi da lambar wayarsu a ciki. Ta faifan ajiya na wancan zamani ya yi ta bin hannu zuwa hannu har ya kai Amurka. Hanyar ba ta canza ba, faifan ne ya koma filash, abin da muke ce wa kile a wannan ɓangaren. Windows XP tana da ɗabi'ar buɗe abin da filash ya umarce ta, kuma ta nan tsutsar Conficker, wadda ta ɓulla a Nuwamba 2008, ta ƙara bazuwa cikin miliyoyin kwamfutoci. Sai a Fabrairu 2011 Microsoft ya aika wa XP gyaran da ya kashe wannan ɗabi'a, shi ma ta hanyar sabuntawa.

Wanda malamai suka fi sani shi ne mai mayar da fayiloli 'yan gajerun hotuna masu kibiya, wanda masu gyara ke kira “raccourci”. Ka kai filash wurin buga takardu a Dakoro ko Maradi, ko yaro ya kai memorin wayarsa wurin masu tura fina-finai, a dawo gida a soka a kwamfuta, sai ka ga kowace jaka ta zama hoto mai kibiya. Kowane dannawa kuma sake shuka cutar yake. Irin waɗannan tsutsotsi sun yi ƙarfi daga wajajen 2013. A watan Yuni 2014 Microsoft ya shigar da ƙara a kan mutum biyu, ɗaya a Kuwait ɗaya a maƙwabciyarmu Aljeriya, bisa zargin rubuta Bladabindi da Jenxcus, waɗanda ke iya ɗaukar abin da mutum ke bugawa har da kalmomin sirrinsa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, fayilolin ba su ɓace ba, ɓoye su aka yi. Duba nauyin filash ɗin za ka ga har yanzu cike yake. Mai gyaran da ya san aikinsa zai fito da su cikin minti biyar. Wanda kuwa ke ƙulle fayiloli da gaske ya nemi kuɗin fansa, irin WannaCry da ya afka wa ƙasashe kusan 150 ranar 12 ga Mayu 2017 har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ta ƙofar da aka riga aka fitar da abin toshe ta tun watan Maris ya shiga, kuma mafi yawan waɗanda ya kama Windows 7 ce da ba a sabunta ba.

Akwai kuma gargaɗin bogi, shi ya fi kama yara. Shafi ya fito da ƙara da walƙiya, wai an gano bairos biyar, danna nan a wanke. Shafin intanet ba shi da ikon bincika cikin kwamfutarka. Abin da za ka sauke da sunan magani shi ne cutar, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tsohuwar sana'a ce: a Disamba 2008 hukumar kare masu saye ta Amurka ta kai ƙarar wasu kamfanoni da suka yaudari mutane fiye da miliyan ɗaya da irin wannan tsoratarwa. Gargaɗin gaske shiru yake, ba ya ƙirga daƙiƙu, ba ya neman kuɗi, ba ya ba ka lambar waya. Alamomin cuta ta gaske kuwa su ne shafin farko ya canza da kansa, tallace-tallace su riƙa tsirowa a inda ba a saba ba, ko kowane filash mai lafiya da aka soka ya fito da kibiyoyi.

Da abokina ya san wannan, da abin da zai fara yi shi ne kwafe aikinsa a wani wuri kafin kowa ya taɓa na'urar, kuma wannan sharaɗi ne da ya kamata a gindaya wa kowane mai gyara a gaban ido. Sai duba agogo: rana, wata, shekara, da yankin lokaci, domin na'urar Faransa takan zo da lokacin Faris, mu kuwa namu shi ne wanda Windows ke kira “Afrique centrale - Ouest”. Idan an gyara ya sake komawa baya, batiri ne. Idan agogo daidai yake, a buɗe shafin a waya: ya buɗu lafiya, matsalar ta kwamfutar ce, ita ma wayar ta yi gargaɗi, to shafin ne ko layin, a bar shi. Sai gwajin Firefox. Sai a duba sunan wanda ya sa wa takardar hannu. Idan suna ɗaya baƙo ne ke fitowa a kowane shafi, to akwai abin da ya shiga tsakani, nan ne ake maganar wanki ko fomatin. Komai ya faru dai, ba a buga kalmar sirri a shafin da aka tsallake gargaɗi aka shiga. Kuma ra'ayina shi ne, kwamfutar da ke kan XP ko Windows 7 ta daina taɓa imel da harkar kuɗi gaba ɗaya, a bar wa waya wannan.

Hakan ba ya nufin a jefar da ita. Akwai manhajojin Linux na kyauta masu sauƙin nauyi da ke zuwa da sabon jerin masu shaida da sabuwar burauza, kuma tsutsotsin filash na Windows ba sa aiki a kansu. Akwai ma wadda wasu masu aikin sa-kai a Faransa suka tsara tun 2011, Emmabuntüs, musamman don farfaɗo da kwamfutocin da aka ba da kyauta. Idan kuma makaranta ba ta da mai iya wannan, a raba na'urar da intanet kwata-kwata, a zuba mata Kiwix, manhajar da ke buɗe Wikipedia ba tare da layi ba, har da ta Hausa da ta Faransanci, a ware mata filash ɗaya da ba ya fita daga ofishin darakta. A makarantar da data ke da tsada kuma layi ke zuwa yana ɗaukewa, wannan ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Ranar 14 ga Oktoba 2025 wa'adin Windows 10 ya cika, in ban da ƙarin lokaci da aka ba waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuma ba ta hawa na'urori da yawa da aka ƙera kafin 2018, kuma kamfanin binciken kasuwa na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 ne hakan zai fitar daga aiki. Ba sai an faɗi inda wani kaso daga cikinsu zai dosa ba. Za su iso da kyan gani, da araha, da ɗan batirin da ya riga ya yi rabi. Ita ma ISRG Root X1 da ta ceci mutane a 2021, ranar ƙarewar da aka rubuta a jikinta ita ce 4 ga Yuni 2035. Yaron da aka sa aji ɗaya a Mai Yara a watan Oktoba 2025, idan bai maimaita aji ba, a wannan watan ne zai zauna jarrabawar BEPC.